Amsa ga mai tambaya kan farin ɗigo a jikin tarwaɗa da hunturu

Ɗan'uwa, ka ce tun shigowar hunturu 'ya'yan tarwaɗarka suka fito da fararen ɗigo-ɗigo suna goga jiki da bangon tanki, kana tambaya ko sanyi ne ya kawo cutar. Allah ya mayar da alheri. Ni ma a shekarata ta biyu da fara kiwo haka na riƙa kwashe gawa kowace safiya, har na kusa barin sana'ar.

Ƙwayar cutar da ke kawo ɗigon tana cikin ruwan tun da farko, ko ta biyo sababbin kifi ko ragar da ka aro. Abin da sanyi ya yi shi ne karya garkuwar kifin. Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar mu, zafin ruwa shi ne zafin jininsa. Tarwaɗa ta fi walwala tsakanin digiri 26 zuwa 30. Da ruwa ya sauko kusa da 20 sai ta rage ci, yauƙin fatarta da ke tare ƙwayoyi ya yi rauni, jikinta kuma ya yi nawa wurin haɗa sinadaran yaƙi da cuta.

Ga inda yawancinmu ke faɗuwa wurin yi musu magani da gishiri. Muddin ƙwayar na maƙale cikin fata, gishiri ba ya taɓa ta, sai ta faɗo ta hayayyafa 'ya'yanta sun fito neman kifi. A digiri 25 wannan zagaye bai kai mako guda ba, a ruwan sanyi kuwa yakan ɗauki makonni. Sai mutum ya sa gishiri kwana uku, ya ga ɗigon ya ragu, ya daina, cutar ta dawo da ƙarfinta. Ni ina sa gram 2 a kowace lita, in ci gaba har mako biyu, ina maido gishirin gwargwadon ruwan da na canza.

Abin da ya fi cutar da su a wurina shi ne hawa da saukar zafi tsakanin rana da asuba. Ka rufe tankin da leda tun la'asar, amma ka bar kafar iska. Kada ka zuba musu ruwan da ya kwana a tankin sama, ka jawo kai tsaye daga burtsatse, da ɗuminsa yake fitowa. Ka sayi ma'aunin zafi, ka duba da asuba. Abinci kuma ka rage, ka bari sai hantsi.