Sabon kanel da baƙin z/VM: amsa ga ɗan koyona

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar, ina hanyar dawowa daga Birni. Tambaya biyu ka haɗa. Ka ce me ya hana mu zuba wa sabobin Linux ɗin nan arba'in da ke kan menfirem, babbar kwamfutar IBM, sabon kanel, wato zuciyar Linux, a dare guda, mu sake tayar da su mu huta, kamar yadda kake yi wa kwamfutarka ta hannu. Ka kuma ce ka yi ta neman inda za ka sauko da sabon direban rezo, manhajar da ke tuƙa katin rezo, ba ka samu ba.

Ta biyun ta fi sauƙi. Ba ka samu ba domin babu. Direban da muke aiki da shi, qeth, cikin kanel ɗin Linux yake zaune, shi da ƴan rakiyarsa qeth_l2 da qeth_l3. Ma'aikatan IBM ne ke kula da shi, amma a tushen Linux na kowa da kowa suke zuba aikinsu. Duk ranar da ka sa sabon kanel, to ka sa sabon direba, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba. Shi ya sa tambayoyin naka biyu a wurina guda ce. Kana zaune a Damagaram, injin yana wata ƙasa cikin ɗaki mai sanyi, abin da ya haɗa ku rezo ne, kuma abin da za ka canja shi ke riƙe da rezon. Ka taɓa ganin mai yasar rijiya ya ce a sake masa igiya alhali yana can ƙasa?

Bari in fara nuna maka gidan da muke aiki a ciki, don na lura har yanzu kallon kwamfutar tebur kake yi masa. Ka san yadda Zango ya samo sunansa: nan fatake ke sauka. Fatoma yana da gida babba, ya ba kowane baƙo ɗaki, da wurin ajiye kaya, kuma duk mai shiga da fita ta zaure guda yake bi. To z/VM, manhajar IBM da ke saukar da Linux da yawa a inji guda, fatoma ne. Injin menfirem guda ne, an yanka shi kashi-kashi, abin da ake kira LPAR. A cikin kashi ɗaya z/VM ke zaune, kowane Linux kuma baƙonsa ne, da sunan baƙo ma ake kiransa a littattafan aikin. Faifan da baƙo ke gani yanki ne da fatoma ya ɗiba masa. Katin rezonsa ba ƙarfe ba ne, layi ne guda da aka rubuta masa a kundin masu shiga, wanda ke farawa da NICDEF. Zauren shi ne VSWITCH, daga nan a fita ta katin gaske, OSA-Express. Wannan dabara ta girme ka, ta kusa girme ni: IBM ta sanar da System/360, kakan injinan nan, a 1964, VM/370, kakan z/VM, ya fito a 1972, Linux bai shigo gidan ba sai ƙarshen 1999. Don haka in ka ga wani abu da ya yi maka kama da al'adar tsofaffi, kada ka raina shi, akwai dalilinsa.

Su arba'in ɗin nan kwano guda suke ci. Ƙwaƙwalwar da aka yi musu alkawari in an tara ta takan fi wadda injin ke da ita, don fatoma ya san ba a lokaci guda kowa ke buƙatar tasa ba. Ka tayar da su gaba ɗaya, kowa ya miƙo hannu a tare, z/VM ya shiga kwashe shafuka zuwa faifai yana dawo da su, har waɗanda ba ka taɓa ba su ji a jikinsu. Wannan dalili ɗaya ke nan, kuma shi ne ƙarami.

Babban dalilin sai na ba ka labari. Shekarun baya ina yi wa wani banki aiki daga nan gida. Aka ba ni dare guda in sabunta kanel a wani baƙo da ke haɗa rassa da rumbun bayanai. Watan Afrilu ne, ka san zafin garin nan, na fito da tabarma tsakar gida, kwamfuta a cinya. Na sa kanel, komai ya tafi daidai, na ba da umarnin sake tashi. Minti biyu, shiru. Minti biyar, shiru. Na buga ssh, umarnin shiga baƙo ta rezo, har yatsuna suka gaji. Ni kuwa a daren ba ni da izinin shiga konsol, allon da ke kai ka wurin baƙo ta z/VM ba ta rezonsa ba, ban nema ba, don na ɗauka aikin minti goma ne. Sai da na tashi mai gadin injin ta salula, ya buɗe konsol ɗin, wato allon 3270, yana karanta mini. Linux ya tashi lafiya lau, sabon kanel yana aiki, amma kati babu shi. Na ce ya buga lszdev qeth, umarnin da ke jera na'urori da halinsu. Ya karanto mini adireshin nan uku, 0.0.0600 da 0.0.0601 da 0.0.0602, ƙarƙashin ON, wato ko yana aiki, an rubuta no, ƙarƙashin PERS, wato ko an rubuta shi ya dawwama, ma no. Nan take na gane. Watanni kafin nan wani ya ɗaura katin da hannu, yana sauri, bai rubuta shi inda zai dawwama ba, kuma tun ranar ba a sake tayar da baƙon ba. Kanel bai yi laifin komai ba. Ko da tsohon na tayar, haka za ta faru. Muka gyara ana kiran assalatu, ina faɗa harafi-harafi yana bugawa, rassa saura kaɗan su buɗe. Har yau in na tuna mutanen da za su zo karɓar albashi da safen nan su tarar ba rezo, gabana faɗuwa yake.

Daga wannan dare na ɗauki al'adar da nake so ta zama taka: kafin ka sa sabon kanel, sake tayar da baƙon da tsohon kanel ɗinsa, ba tare da ka canja komai ba. In ya dawo da rezonsa, ka san abin da ke rubuce daidai yake da abin da ke aiki. In bai dawo ba, ka kama ɓarawon tun bai sa rigar wani ba. Kafin haka ma duba lszdev. Duk na'urar da ka ga yes a ON, no a PERS, tana aiki yau amma ba za ta kwana ba. Chzdev -e ne zai tabbatar da ita. Kuma ka tuna dawwama hawa biyu ce. Akwai ta wajen Linux, akwai ta wajen fatoma. Katin da aka ƙirƙira da DEFINE NIC aka haɗa da COUPLE zai tsira in Linux ya sake tashi, amma ranar da baƙon ya yi LOGOFF ya tafi ke nan, sai wanda ke cikin kundi. Haka izinin shiga zaure da aka bayar da baki, SET VSWITCH GRANT, in ba a rubuta shi a fayil ɗin tashin z/VM ba, ranar da aka tayar da z/VM kansa za a neme shi a rasa. Daga cikin Linux kana iya tambayar fatoma da vmcp, ka ce vmcp query virtual nic, ka gwada abin da ya faɗa da abin da ke kundi.

Adireshin nan uku, kada ka yi mamakinsu. Katin qeth kullum uku yake ci: ɗaya na karantawa, ɗaya na rubutawa, ɗaya na wucewar bayanai, sai an ɗaure su dami guda kafin Linux ya ga kati. In ɗaya ya ɓace, babu kati. Abin da ya fi ɓatar da su shi ne cio_ignore, jerin na'urorin da aka ce wa kanel ya rufe ido daga gare su lokacin tashi. Sau da yawa za ka ga an rubuta all,!condev, wato ya ƙyale kowa sai konsol, sannan a buɗe waɗanda ake so ɗaya-ɗaya. In lscss bai nuna maka adireshin ba, nan za ka fara dubawa, kada ka tsaya zargin direba. Sai maganar layer2. In zauren irin ETHERNET ne, layer2 ya zama 1. In irin IP ne, 0. Rubuta abin da lsqeth ya nuna kafin aiki, a takarda, da biro. Kuma in babban ƙaura ne ba kanel kaɗai ba, sunan katin ma yana iya sauyawa: wanda Red Hat 7 ke kira enccw0.0.0600, a Red Hat 8 enc600 ne. Ba kanel ke raɗa sunan ba, udev ne, manhajar da ke sa wa na'urori suna, amma dokokin katangar tsaro da duk wani rubutu da ya ambaci tsohon suna za su zauna suna kiran wanda ba ya nan.

Wani abu da yara ke mantawa: baƙo yakan yi kati fiye da ɗaya. Wanda kake shiga ta kansa daban, wanda yake magana da rumbun bayanai ta HiperSockets daban, hanyar nan da ke bi ta ƙwaƙwalwar injin tsakanin LPAR da LPAR, ba waya ko ɗaya. Ita ma qeth ke tuƙa ta. Ssh ya amsa maka ba ya nufin aiki ya tashi.

Yanzu zipl. Shi ne mai tayar da Linux a wannan inji, kuma ba ya neman fayil da suna lokacin tashi. Ranar da aka gudanar da shi yake auna inda kanel da initramfs, ƙunshin direbobin da kanel ke buƙata lokacin tashi, suke kwance a faifai, ya rubuta lambobin wurin ya ajiye. Ka sake gina initramfs da dracut ba ka sake gudanar da zipl ba, zai je tsohon wuri ya ɗebo abin da ya tarar. Manhajar sabuntawa takan yi maka wannan da kanta, amma duk lokacin da hannunka ya taɓa, buga zipl ka karanta abin da ya fito, ka ga sabon kanel da tsohon duka suna cikin jeri. SUSE tun daga 12 ta ɗora wani mai tayarwa, grub2, a kan zipl, hanyar ta ɗan bambanta, amma namu zipl ne tsantsa. Tsohon kanel kada ka goge shi don wurin ya ƙaranta. Nemi wani abin ka share. Leƙa cikin initramfs da lsinitrd ka tabbata direban faifai na ciki, dasd_eckd_mod in faifan irin DASD ne, zfcp in ta hanyar FCP ake zuwa wurin faifan, don in babu shi ko tushen faifan ba zai gani ba.

Konsol kuwa, shi ne igiyar da ba ta bi ta rezon baƙo. Buɗe x3270, manhajar allon 3270, shiga da sunan baƙon kafin ka fara, ka bar shi a buɗe har ka gama. Nan za ka ga jerin zipl. In kana son na biyu, ka buga #cp vi vmsg 2, ko tun farko ka yi IPL, umarnin tayar da baƙo, da loadparm 2. Allon layi-layi yake tafiya, manhajar gyaran fayil ta vi ba ta aiki a kansa, don haka koyi gyara da sed tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. In umarni ya maƙale, alamar ^ da harafin c za ka rubuta ka tura. Kuma in za ka fita, #cp disconn za ka ce. LOGOFF kashe baƙon yake yi ɗungurungum, kamar ka zare wa kwamfuta wuta. Na ga wanda ya yi haka da rana tsaka, ba na so in ga na biyu.

In duk kanel biyun sun ƙi, akwai hanyar kakanni. Ka tayar da CMS, ƙaramar manhajar da ke zuwa da z/VM, ka tura kanel da fayil ɗin sigogi da initramfs cikin makarancin kati na baƙon, ka yi IPL 00C, adireshin makarancin ke nan. Katin takarda mai huda ya daɗe da tafiya, amma har yau sai fayilolin sun zama layuka masu tsawon 80 kafin ya karɓa. Abin yana burge ni duk lokacin da na yi shi: dabarar da aka gina don kati ce ke ceton sabar banki a zamanin salula.

Yadda za mu bi da arba'in ɗin shi ne mu kwafi faifan baƙo guda, da FLASHCOPY in rumbun ajiya ya yarda, in ba haka ba da DDR bayan an kashe shi, mu gwada a kan kwafin. Canja masa adireshin IP kafin ka haɗa shi da zaure, kada su yi rigima da na asali. In ya yi, sai baƙo biyu marasa nauyi, mu bar su kwana biyu suna ɗaukar aikin gaske, muna duba dmesg ko qeth na ƙorafi. Sannan biyar-biyar. Masu albashi da rumbun bayanai su ne na ƙarshe, kuma ba ƙarshen wata ba. Ka caja batir da salula biyu masu layi daban-daban kafin dare, don in wuta ko rezon gari ya yanke kana tsakiyar aiki, sai ka ga amfanin tmux, mai riƙe aikinka ko layi ya yanke, da na matsa maka ka koya.

Na san kana gwaji da QEMU, mai kwaikwayon inji, a kwamfutarka, ci gaba, zai koya maka s390x, wato Linux na menfirem, da zipl. Amma katin da yake ba ka virtio ne, ba zai nuna maka halin qeth ba. Don haka na roƙa maka baƙo guda na gwaji. Ranar Alhamis, in ka taso daga kasuwar Dole ka kai wa mahaifiyarka cefanenta, ka biyo ta gida bayan magariba. Zan cire katin daga abin da ke dawwama, in tayar da baƙon, in miƙa maka allon 3270 in koma gefe in sha shayina. Ka zo da littafinka da biro, kuma ka karanta shafin bayanin chzdev kafin ka zo.