Ga ƙanenmu mai shirin zuwa karatu Indiya: batun asali da sauya addini

Assalamu alaikum, ƙanenmu. Saƙonka ya iso gare mu, mu yayyenka da ke zaune a nan. Ka ce ka samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a Greater Noida, jihar Uttar Pradesh, kuma abu biyu ke ci maka tuwo a ƙwarya: ko gaskiya ne har yau akwai mutanen da ake ƙyamar taɓawa, sannan tunda ka saba fita da'awa tun kana sakandare, ko za ka iya ci gaba da kiran mutane zuwa Musulunci. A nan ƙasar igiya ɗaya ce ta ɗaure tambayoyin biyu.

Sallarka da azuminka doka ba ta hana ka ba. Amma kiran wanda ba Musulmi ba, kana riƙe da bizar ɗalibi, a jihar da za ka, yana iya kai ka gidan yari. Ga yadda abin ya faro.

Tsofaffin littattafan addinin Hindu sun kasa mutane gida huɗu: Brahmin masu ilimin addini, Kshatriya masu sarauta da yaƙi, Vaishya 'yan kasuwa, sai Shudra masu hidima. Ƙarƙashinsu kuma akwai waɗanda ba a ma sa su cikin lissafin ba, masu jima, masu shara, masu kwashe mushe da yashe masai. Su ne yau ke kiran kansu Dalit. A zaman yau da kullum abin da ke aiki shi ne jati, wato dangin sana'ar da aka haife ka ciki, kuma dubbai ne. Yawanci sunan ƙarshe ke tona shi: Sharma, Mishra da Tiwari sunayen Brahmin ne, Jatav da Valmiki na Dalit. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya tsaya a kan sunan Kumar, wanda ba ya nuna komai. Idan abokin karatunka ya ba ka sunansa na farko kawai, kada ka ce “ɗan gidan wa?” kamar yadda muka saba a gida. A wurinmu neman zumunci ne, a wurinsa bincike ne.

Za ka tuna da yadda wasu gidaje a ƙasar Hausa ke ja da baya idan ɗan mahauta ko ɗan maƙera ya zo neman aure. Akwai kama, kuma mu ma ba abin alfahari ba ne. Bambancin shi ne mu muna sa hannu a ƙwarya ɗaya da mahauci, mu tsaya sahu ɗaya da shi. A nan kuwa tunanin ƙazanta ne a jikin mutum: ruwan da ya taɓa, kofin da ya sha, ƙofar ɗakin girkin da ya tsallaka.

Tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950 ya soke wannan ƙyama a sashe na 17. Ƙidayar 2011 ta nuna Dalit ɗin da gwamnati ta yi wa rajista sun kai kashi 16.6 cikin ɗari na jama'a. A jami'o'i da ma'aikatun tarayya an ware musu kashi 15 na gurabe, ƙabilun asali kashi 7.5, sauran dangogin da aka bari a baya kashi 27. Wannan kason ya fitar da likitoci da alƙalai daga gidajen da kakanninsu ba su isa ɗiban ruwa a rijiyar gari ba, amma ya bar gori a makarantu. Idan ka ji ana tambayar ɗalibi na nawa ya zo a jarrabawar shiga, sau da yawa so ake a gane ko ta kaso ya shigo. Mutuwar Rohith Vemula, ɗalibin digiri na uku mai fafutukar haƙƙin Dalit da ya kashe kansa a Jami'ar Hyderabad a Janairun 2016, har yau ba ta bar bakin ɗalibai ba.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne bakinka. Baƙo yana koyon harshe ne daga abokai, kuma zagi ake fara koya masa. Kalmomi irin su “chamar” da “bhangi” sunayen dangogin Dalit ne da aka mayar zagi. Dokar 1989 mai kare su ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar ga wanda ba ɗan cikinsu ba da ya ci mutuncin ɗayansu da sunan asali a bainar jama'a, kuma beli kafin kamu yana da wuya ƙwarai a ƙarƙashinta. Cewa ba ka san ma'ana ba hujja ce da sai a gaban alƙali za ka kawo ta. Sai kuma ladabin ci da sha. Za ka ga suna ɗaga gorar ruwa sama su tsiyaya a baki ba tare da leɓe ya taɓa ba, domin abin da baki ya taɓa ya zama jutha, wato saura. Ka koyi shan ruwa haka, kada ka sa cokalinka a kwanon wani, kada ka ɗumama nama a tukunyar abokin ɗakin da ba ya cin nama. Mai sharar ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, ka gaishe shi, ka ba shi ruwa a kofin da kake sha. Wannan babu dokar da ta hana.

To ina sauya addini ya shigo? Mutumin da aka hana shi shiga wurin bautar garinsu, wata rana zai nemi wata ƙofa. Dakta Ambedkar, ɗan dangin Mahar na Dalit da ya jagoranci rubuta tsarin mulki, ya faɗa a Yeola a 1935 cewa an haife shi Hindu amma ba zai mutu Hindu ba. Ranar 14 ga Oktoba 1956 a Nagpur ya shiga addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa, ya rasu bayan ƙasa da wata biyu. A 1981 iyalan Dalit sama da ɗari a ƙauyen Meenakshipuram na jihar Tamil Nadu suka musulunta lokaci guda, abin ya girgiza ƙasar. Kiristocin Indiya ma da yawansu daga Dalit da ƙabilun daji suka fito.

Sauyawar tana da tsada ga mai yin ta. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya taƙaita kason Dalit ga mabiya Hindu, aka ƙara Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990. Dalit ɗin da ya musulunta ko ya zama Kirista ya fita daga wannan rajista, wato gurbin karatunsa da aikin gwamnatinsa na cikin haɗari. Kuma dole mu faɗa maka abin da ba shi da daɗin ji: asali yana bin mutum har cikin masallaci. Musulmin nan ma suna da Ashraf masu jingina kansu ga Larabawa da Farisawa, da na ƙasa da ake kira Pasmanda, kuma aure tsakaninsu ba kasafai ba ne.

Ɗaya ɓangaren ma, wato mabiya Hindu masu adawa da sauya addini, ka san hujjarsu, domin da 'ya'yansu za ka zauna aji. Suna cewa addininsu ba ya fita neman mabiya, saboda haka duk wanda ya fita asara ce da ba ta dawowa. Suna tuna rabuwar ƙasar a 1947, lokacin da aka cire Pakistan. Suna zargin cewa kuɗin waje da makarantu da asibitoci ake sayen talaka da su. Daga nan suka ɗauki kare addini wajibi, abin da suke kira dharma raksha. Ƙungiyar 'yan kishin Hindu ta RSS, wadda aka kafa a Nagpur a 1925, da VHP ta 1964 da reshenta na matasa Bajrang Dal su ne a gaba, kuma suna shirya bikin ghar wapsi, “komawa gida”, don mayar da waɗanda suka fita. Shugabannin RSS kan ce a haɗa kowa a wurin bauta ɗaya, rijiya ɗaya, wurin ƙona gawa ɗaya. A ganinmu, da ƙarfin da ake sawa wajen tsare ƙofar fita an sa shi wajen cika wannan magana a ƙauyuka, da masu neman fita sun ragu da kansu. Alƙaluma ma ba su nuna ambaliya ba: a 2011 Hindu kashi 79.8 ne, Musulmi 14.2, Kirista 2.3. Kada kuma ka yi wa kowa kuɗin goro. Lauyoyi da malamai da alƙalan da ke tsaya wa waɗanda ake zalunta, mafi yawansu Hindu ne.

Sashe na 25 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin bin addini da yaɗa shi, amma a 1977 Kotun Ƙoli ta ce yaɗawa ba ta haɗa da haƙƙin sauya wa wani addini ba. Jihar Odisha ce ta fara dokar hana sauyawa a 1967, Madhya Pradesh ta bi a 1968, yanzu akwai irinta a Gujarat, Uttarakhand, Haryana, Jharkhand da wasunsu. Ta Uttar Pradesh, ta 2021, tana cikin mafi tsauri. Mai son sauya addini sai ya sanar da babban jami'in gunduma kwana 60 kafin lokaci, mai jagorantar sauyawar ya ba da sanarwar wata ɗaya, 'yan sanda su bincika. An haramta sauyawa ta hanyar tilas, yaudara, aure ko kwaɗaitarwa, kuma kwaɗaitarwa ta haɗa da kyauta, aiki, karatu kyauta, har da tsoratarwa da fushin Ubangiji. Ka duba da kyau: abincin buɗa-baki da ka ba aboki, da tarjamar Alƙur'ani da ka miƙa masa, da ambaton wuta da aljanna, duk mai neman ka da sharri zai iya cusa su cikin wannan ma'ana. Wanda ake tuhuma shi ne zai tabbatar da cewa bai yi laifi ba, kuma laifin ba na belin ofishin 'yan sanda ba ne. Gyaran 2024 ya ba kowane mutum damar kai ƙara, ko da bai san wanda aka ce an sauya wa addinin ba, ya kuma kai hukunci mafi tsanani zuwa ɗaurin rai da rai. Komawa addinin da mutum ya baro kuwa ba a lissafa shi sauyawa.

Kai baƙo kana da ƙarin takunkumi. Ƙa'idar biza ta yarda ka je masallaci ka saurari karatu, amma ta hana baƙo yin wa'azi, jawabi a wurin ibada, raba ƙasidu da aikin tabligi. A 2020, bayan taron Tabligh na Nizamuddin a Delhi, an soke bizar ɗaruruwan baƙi aka sa su jerin waɗanda ba za su sake shigowa ba. Kotuna sun wanke da yawa daga baya, bayan sun shafe watanni a tsare ko an riƙe fasfonsu.

Yadda abin ke lalacewa kusan iri ɗaya ne. Hira ta yi daɗi a ɗaki, wani ya ɗauka a waya ko ya adana saƙon WhatsApp, ya kai wa 'yan ƙungiya, su taru a ƙofar makaranta, 'yan sanda su rubuta ƙara don kwantar da tarzoma, makaranta ta dakatar da kai don kare sunanta. Ko an sallame ka bayan shekara, biza ta ƙare, karatu ya tafi. Don haka idan aboki ya tambaye ka me ya sa kake azumi, ka amsa masa gajere da sakin fuska. Idan ya ce yana son shiga, kada ka laƙƙana masa kalmar shahada, kada ka zama shaida, kada ka raka shi. Ɗan ƙasa ne, akwai malamai da lauyoyin ƙasarsa da suka san hanyar doka. Kada ka yi muhawara kan gumaka ko saniya, ko a baki ko a Facebook, domin cin zarafin addini laifi ne mai ɗaurin har shekara uku.

Soyayya da 'yar Hindu ita ce mafi haɗari. Suna da zargin da suke kira “love jihad”, cewa samarin Musulmi na yaudarar 'yan matansu don musuluntar da su, kuma ƙarar uba ko wa ta isa a kama ka ko da yarinyar ta musanta. Auren rajista tsakanin addinai biyu ma sai an ba ofis sanarwar kwana 30, kuma ana iya liƙa ta inda kowa zai gani.

Nama kuma: an haramta yanka saniya a Uttar Pradesh, abin da ake sayarwa naman ɓauna ne. A Dadri, cikin gundumar da makarantarka take, aka kashe Mohammad Akhlaq a Satumbar 2015 kan jita-jitar naman saniya. Kada ka sako kilishi ko dambun nama a jaka, domin babu mai tsayawa gwada ko na rago ne. A kantuna ka duba alamar fakiti: ɗigo kore na nufin babu nama, alama mai ruwan ƙasa na nufin akwai. Sallah a ɗakinka ko a masallaci. Kada ku yi jam'i a fili ko a farfajiya sai da izinin makaranta a rubuce. A Maris 2024 an far wa ɗaliban ƙasashen waje suna tarawihi a ɗakin kwanan Jami'ar Gujarat da ke Ahmedabad. Baƙar fata ma tana da nata nauyin, an doki ɗaliban Najeriya a Greater Noida a Maris 2017 kan zargin da ba shi da tushe.

Da ka sauka, ka yi rajista da ofishin baƙi na FRRO cikin kwana 14 ta intanet, ka tabbatar mai gida ko makaranta ta cika maka fom C na sanar da hukuma masaukin baƙo, ka kai sunanka ofishin jakadancin Najeriya a Delhi da ƙungiyar ɗalibai. Lambar gaggawa 112 ce. Idan aka tsare ka, ka nemi a sanar da ofishin jakadanci, ka nemi lauya, kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Hindi sai an fassara maka. Ka turo mana ranar tashinka da lambar jirgi, za a samu mai tarbarka a filin jirgin Delhi. A gaida su Baba da Inna.