Yaran da suka ce ba su da abin rubutawa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ranar Laraba ka shiga aji biyar, ka rubuta a allo "Rubuta ƙagaggen labari", ka ba su minti talatin. Rabin aji suka zauna suna taunar murfin biro, sauran kuma suka kawo maka abu iri ɗaya: wani sarki ne da matansa biyu, bora da mowa. Kana tambaya ko yaran ne ba su da basira, ko kuwa akwai dabarar da ba a koya muku a kwaleji ba.

Yaran nan lafiyarsu ƙalau. Gobe in an tashi tara, je ka tsaya kusa da mai awara ka kasa kunne. Wanda ya rantse maka ba shi da abin rubutawa, shi za ka ji yana ba abokansa labarin yadda akuyarsu ta faɗa gidan maƙwabta ta kifar da tukunyar miya, har da kwaikwayon muryar matar gidan. Labarin yana bakinsa. Abin da ya hana shi sauka a takarda daga wajenmu yake, mu malamai.

Umarnin da ka ba su ya yi faɗi. Ka ce wa mutum "je kasuwa ka sayo abu", tsayawa zai yi yana kallonka. Ka ce "sayo mini albasa ta ɗari biyu", kafin ka rufe baki ya kama hanya. Manya ma sun sha wannan wuya. A 1933, da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya taso daga Zariya yana zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, sai da ya yi fama kafin ya shawo kansu, don a ganinsu alƙalami na ilimi ne, ƙaga labari kuwa aikin mata da yara ne da dare. Littattafai biyar suka fito daga gasar rubutun da ya shirya musu. Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, sunan nasa littafin ma, Ruwan Bagaja, daga tatsuniya ya ɗauko shi. To in malamai masu gemu sai da suka sami abin dafawa, ina ga ɗan shekara goma?

Shi ya sa ni ba na shiga darasin insha'i hannu Rabbana. Abin da ya fi yi mini aiki a duk shekarun da na yi ina riƙe alli, warin silifa ne da na tsinta a bakin kwata kan hanyar makaranta. Shuɗi ne, dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda, hancinsa ya tsinke an maƙale shi da ƙusa ta ƙasa. Na ɗora shi a kan tebur na yi shiru. Ba a daɗe ba wani daga baya ya ce, "Malam, na wane ne?" Na ce wallahi ni ma ban sani ba, ku za ku gaya mini. Na miƙa shi ya zaga layi-layi. Na babba ne ko na yaro? Me ya sa gefe ɗaya kawai ya cinye? Wa ya sa ƙusar nan? Ina ɗaya warin yake yanzu?

Nan fa aji ya ɓarke. Wannan ya ce mai shi ɗingishi yake yi. Wancan ya ce kare ne ya biyo shi. Wata ta ce a'a, ruwan sama ne ya tafi da shi, yarinyar tana can tana tsoron komawa gida. Wani ɗan tsurut da ban taɓa jin muryarsa ba ya ce a masallacin Juma'a aka yi wa mutumin musaya, ya fusata ya yi jifa da shi. Duk abin da aka faɗa ina rubutawa a allo, ban ce wa kowa "wannan ba zai yiwu ba". Ka kiyaye wannan sosai: ranar da ka yi wa amsar yaro guda dariya, ka rufe bakin goma. Cikin minti goma allo ya cika, na ce kowa ya zaɓi wanda ya kwanta masa, ko ya kawo wanda babu a allon.

Amma ban bari sun ɗauki biro nan take ba. Sai na haɗa su biyu-biyu, kowa ya ba na kusa da shi labarinsa da baki, minti uku-uku. Mai sauraro aikinsa ɗaya ne: duk inda mai labari ya tsaya, ya ce masa, "Sai aka yi yaya?" Ai ko a gida, in tsohuwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ba ta ci gaba sai an ce "Ta zo mu ji ta". Ajin zai yi hayaniya kamar kasuwar kaji, don haka ka sanar da hedimasta tun da safe, kada ya leƙo ya ɗauka aji ya fi ƙarfinka. In darasin Turanci ne ma, bar su su yi wannan hira da Hausa. Yaron da ke neman labari kuma yana neman kalmar Turanci a lokaci guda, duka biyun za su kuɓuce masa.

Masu kawo maka bora da mowa kuma kada ka hana su, tsani ne suka miƙo maka. Ka ce yau mowa ce za ta ba da labarin da bakinta, mu ji me za ta ce don kare kanta. Ko ka faro musu labarin Gizo ka yanke shi daidai inda ya yi daɗi, kowa ya ƙarasa. Ko ka ce Gizo ya shigo Kano, ya hau a-daidaita-sahu, ba ko sisi a aljihunsa, ga shi an kusa inda zai sauka. In kuma kan magana za ka ba su, matse shi. "Damina" ba ta rubutuwa, amma "daren da ɗakinmu ya yi yoyo" kowa yana da nasa. Haka tashe in azumi ya kai kwana goma, haka ranar da ragon layya ya tsinke igiya. Sai dai ka yi hattara da irin su "Babana" da "Kayan sallata". A kowane aji akwai maraya, akwai wanda ba a ɗinka masa ba.

Saura maganar jan biro, kuma a nan kaina zan tona wa asiri. Ina sabon malami kamarka, akwai wata yarinya mai tallar dafaffiyar gyaɗa, kullum a makare take zuwa, tana gyangyaɗi a aji. Wata rana ta cika mini shafi guda da rabi kan ranar da mai babur ya ture mata faranti a tasha. Ta rubuta yadda ta durƙusa tana tsince gyaɗar cikin ƙasa tana hurewa, tana lissafin abin da za ta faɗa wa innarta. Ni kuwa, don in nuna na iya aiki, na bi rubutun na zagaye duk inda ta sa k a madadin ƙ, da duk inda ta haɗe kalmomi, takarda ta yi ja wur, na rubuta a ƙasa "Ki gyara rubutunki". Daga ranar ba ta ƙara ba ni abin da ya wuce layi huɗu ba. Ta gane lissafin: yawan rubutu, yawan kuskure. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Ƙa'idar rubutu dole ce, za ka koyar da ita, amma ranarta daban. Ranar neman labari ka bar jan biro a aljihu. Ka karanta, ka ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya da ta burge ka, ka rubuta tambaya guda a gefe, irin "Me innar ta ce?" Mako mai zuwa, in sun sake kwafe labarin, sai a bi ta kan ƙugiya da raba kalma. Kuma kada ka karanta na kowa a gaban aji sai ka tambaye shi, don wani abin da zai rubuta sirrin gidansu ne.

A saƙonka ka yi maganar mai duba ku da zai zo daga kwaleji. Kada wannan ya dame ka: a shirin darasinka, wurin kayan koyarwa, rubuta abin da ka kawo, ko da tsohon kwaɗo ne marar makulli. Ranar Litinin ka fito da wuri ka tako da ƙafa, idonka a ƙasa. Kada ka sayi komai, abin da aka yar ya fi sabo labari. In an tashi ka biyo ta gida da littattafan yara biyar, har da na wanda ya fi kowa shiru, mu duba tare bayan La'asar.