Kwanan gona lokacin girbi: a ina zan kafa bukka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bana na noma shinkafa a fadamar Auyo, kuma dole in kwana gadin dami har a gama casa. A birni na tashi, ban taɓa kwanan daji ba. Yaya zan shirya wurin kwana?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a noman.

Kafin ka sayi tamfol, fara zaɓen wuri. Nemi ɗan tudu, domin ƙasar fadama ko a watan Nuwamba ba ta gama bushewa ba, ga raɓa, ga sauro. Kada kuma son gadi ya sa ka manne da dami. Inda hatsi yake nan ɓeraye ke taruwa, maciji kuwa ɓera yake bi. Ja da baya kamar taku ashirin, yadda tocila za ta haska maka damin, ka kuma nisanci suri da tarin duwatsu.

Sai ka share wurin tas har ƙasa ta fito fili. Da safe za ka ga sawun duk abin da ya ratsa cikin dare. Kada ka shimfiɗa tabarma a ƙasa. Kafa turaku huɗu, ka gitta sanduna, ka jera karan dawa, gadon ya tashi kamar tsayin gwiwa. Rataya gidan sauro ka cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko'ina. Ba sauro kaɗai yake tarewa ba, har kunama. Macijin da na fi ji maka tsoro shi ne kububuwa: gajera ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take yawo, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Ko fitsari za ka fita, ɗauki tocila ka sa takalmi, amma ka kakkaɓe shi tukuna.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka ƙofar bukka ta kalli kudu ko yamma. Wuta a waje, a ɓangaren da iska za ta kore tartsatsi daga zana da dami, kuma a binne ta da ƙasa kafin barci. Nan ne mutane ke kuskure: sanyi ya ciji mutum da asuba, sai ya ja garwashi cikin tamfol ya rufe. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Ciwon kai da jiri ne farkonta, daga nan sai barcin da ba tashi. Ƙara bargo, ya fi.

Ruwan fadama a tafasa shi kafin a sha. Sanar da mai unguwa kana wurin, kuma ku kwana ku biyu, da babur a kusa. Idan aka yi rashin sa'a maciji ya sari wani, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure da igiya. A hana ƙafar motsi, a ɗora shi a babur zuwa asibitin da ke da allurar maganin dafin maciji. Tambayi wanne ne tun kafin ka tare.