Tambaya da Amsa: An ce gwamnati za ta biya wa yarana makarantar kuɗi a Amurka, in cire su daga ta gwamnati?

Wannan makon tambayoyin duk daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka zo, kuma duk a kan makarantar yara, shi ya sa na haɗa guda uku wuri ɗaya.

Tambaya ta farko, daga wata 'yar'uwa a Kolombus, jihar Ohayo: "Salam Anti. Yarana biyu suna firamaren gwamnati ta unguwarmu, maigida direban babbar mota ne ni kuma ina aikin kula da tsofaffi. Maƙwabciyata 'yar Somaliya ta ce akwai wani tallafi wai shi EdChoice, gwamnati ce ke biya, nata yaran suna makarantar Musulunci mai haɗe da boko. Babban nawa yana da matsalar karatu har an yi masa takardar IEP. Da gaske kyauta ne? In cire su duka?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Maƙwabciyarki ba ta yi miki ƙarya ba, tallafin yana nan, kuma tun 2023 jihar Ohayo ta buɗe shi ga kowa. A lissafin da aka fara da shi a shekarar, ɗan firamare har zuwa aji takwas yana iya samun har dala 6,166 a shekara, ɗan sakandare kuma har dala 8,408, kuɗin ba hannunki za su shigo ba, makarantar ake biya. Kuma ba gwamnati za ki fara nema ba, makarantar za ki fara zuwa, in sun karɓi yaron su ne za su shigar miki da takardun, ki tafi da takardar haihuwa da shaidar adireshi kamar takardar wuta ko ta haya, sai kuma shaidar abin da ke shigo muku a shekara.

Toh batun "kyauta" ɗin nan ne nake so ki natsu. Dokar Ohayo ta ce in abin da gidanku ke samu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba, makaranta ba ta da ikon ce miki ki cika ragowar kuɗin makaranta, abin da gwamnati ta biya shi ke nan. A 2025 ma'aunin nan ga gida mai mutum huɗu dala 32,150 ne, kinga ninki biyu ya kama 64,300. Direban babbar mota da mai aikin jinya in aka haɗa albashinsu suna iya haura wannan ba su ma sani ba, in kun haura kuwa, makarantar da kuɗinta ya fi tallafin ke za ki cike giɓin. Sannan ga yunifom, ga kuɗin rajista, ga abincin rana, ga na fita yawon ilimi, ƙanana ne amma in kika ninka su biyu kika jera su wata tara za ki ji a jikinki. Ki ce su rubuta miki duk abin da iyaye ke biya daga farkon shekara zuwa ƙarshe a takarda ɗaya, kar ki yarda da "ai ba wani abu ba ne" na baki. Ki kuma tambayi batun mota, don a doka gundumar ilimi tana da alhakin ɗaukar yaran makarantun kuɗi in tafiyar ba ta wuce minti 30 ba, amma tana iya cewa ba zai yiwu ba ta ba ki ɗan kuɗi a madadin haka, ke kuma da kike fita aiki da asuba maigida yana kan hanya kwana da kwanaki, wa zai kai su wa zai ɗauko su?

Babban yaron nan kam kar ki yi gaggawa da shi. Takardar IEP, wato tsarin karatu na musamman da ake rubuta wa yaron da ke buƙatar ƙarin taimako, a makarantar gwamnati haƙƙi ne da dokar tarayya ta ɗora musu, dole su ba shi duk taimakon da aka rubuta a ciki, ranar da kika mai da shi makarantar kuɗi da kanki wannan dolen ta ragu sosai, ya rage ga abin da makarantar ta iya. Da yawa daga ƙananan makarantunmu na Musulunci niyyarsu mai kyau ce wallahi, amma ba su da ƙwararren malami na irin waɗannan yaran. Akwai wani tallafin daban a Ohayo mai suna Jon Peterson wanda aka yi musamman don yara masu IEP, shi za ki bincika masa. Ni a ganina ki fara kai ƙaramin, ki bar babban inda yake shekara ɗaya ki gani. Kafin nan ki je makarantar ranar aiki, ki nemi a bar ki ki zauna bayan ajin lissafi ko da rabin awa ne, ki duba yara nawa ne a ajin, ki buɗe littafin wani yaro ki ga ko malami yana bi da jan biro ko shafuka ne fal ba wanda ya duba, ki tambayi malamai nawa suka bar aiki bara. Gani ya kori ji. Ki kuma sani a watan Yunin 2025 wata kotu a nan Kolombus ta ce shirin ya saɓa wa tsarin mulkin jiha, amma an bar shi yana aiki yayin ɗaukaka ƙara, don haka ki riƙa bin labarin.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗan Zango na Kumasi mazaunin Buronks: "Hajiya ina tuƙa tasi, 'yata za ta shiga aji ɗaya. Mu ma a Niyok akwai irin wannan tallafin?"

Malam, jihar Niyok ba ta da irin wannan tallafi na gwamnati. Abin da ke gabanka biyu ne. Akwai makarantun da suke kira cata, da kuɗin gwamnati suke aiki amma wata ƙungiya ce ke tafiyar da su, ba a biyan ko sisi, in masu nema sun fi gurbi ƙuri'a ake yi, kuma ka tabbata ka cike fom kafin 1 ga Afrilu, ka cike wa da yawa kar ka tsaya a guda. Sai kuma sikolashif na masu taimako, kamar Children's Scholarship Fund da wasu attajirai biyu, Ted Forstmann da John Walton, suka kafa a 1998, su wani kaso suke biya iyaye su cika sauran. Ka tambayi makarantar da kake so ko tana cikin masu karɓarsa. In kuwa cikon zai sa ka ƙara awa huɗu a kan sitiyari kullum har yarinyar ta daina ganinka, ka ɗauki catar ko ta gwamnati mai kyau, ka haɗa mata da Islamiyyar ƙarshen mako a masallacinku.

Tambaya ta uku, daga wani ɗan Nijar a Girinsboro, Karolina ta Arewa: "Anti wasu sun zo masallaci da takarda mu sa hannu don a ƙara kuɗin tallafin zaɓen makaranta, wani malamin makaranta a cikinmu kuma ya ce wannan kashe makarantun gwamnati ne. Wa ke da gaskiya?"

Ɗan'uwa ni ba zan ɓoye maka inda na tsaya ba, ina tare da talaka ya samu zaɓi. A Amurka adireshinka ne ke zaɓa wa ɗanka makaranta, mai kuɗi kuwa ya daɗe da nasa zaɓin, ko ya biya makaranta ko ya sayi gida a unguwar da makarantarta ke da kyau, wanda ke haya a inda aljihunsa ya kai shi ne kawai ake ce wa ya yi haƙuri. Abin da ya sa kenan Polly Williams, wata baƙar fata 'yar majalisar jihar Wiskonsin kuma 'yar jam'iyyar Dimokurat, ta tsaya aka kafa irin wannan shirin tallafi a birnin Milwoki a 1990 don 'ya'yan marasa ƙarfi kaɗai, da yara ɗari uku da 'yan kai aka fara. Lokacin da asusun can da na ambata wa Malam ya raba sikolashif 40,000 a 1999, yara miliyan 1.25 aka nema wa, alhali iyayen sun san sai sun cika daga aljihunsu. Wanda ya ga wannan adadin ba zai ce talaka bai damu da karatun ɗansa ba. Batun biya wa yara makarantun addini da kuɗin gwamnati kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shi a 2002 a shari'ar birnin Kilibland, ta ce tunda iyaye ne ke zaɓa ba laifi.

Amma malamin nan naku ma kar ku ƙi saurarensa. Da jihar Luwiziyana ta faɗaɗa nata shirin a 2012, bincike ya nuna yaran da suka koma makarantun kuɗi sun ja baya sosai a lissafi a shekarun farko, kaga kenan ba kowace makarantar kuɗi ce ta fi ta gwamnati ba. A Arizona kuma da aka buɗe wa kowa a 2022, yawancin waɗanda suka fara ruguwa suka nema dama can yaransu ba sa makarantar gwamnati, wato an ɗauki kuɗin jama'a an sauƙaƙa wa wanda dama yana iya biya. Ita kanta Polly Williams daga baya ta nuna rashin jin daɗinta da aka fara ɗaga iyakar samun kuɗi, don ba don masu hali ta yi faɗan ba. Kuma ko yaya aka yi mafi yawan yaranmu a makarantun gwamnati za su ci gaba da zama, in suka lalace mu ne a ciki.

Don haka kafin ka sa hannu ka karanta takardar, in Turancin ya yi nauyi ka sa wani ya fassara maka a gaban kowa. Ka tambayi masu yawo da ita ko ƙarin kuɗin da suke nema marasa ƙarfi za a fara ba, da kuma ko makarantun da ke karɓar kuɗin za su riƙa nuna sakamakon jarrabawar yara a fili, in amsar biyun nan eh ce ni da zan sa hannu. A jiharku shirin sunansa Opportunity Scholarship, an cire iyakar samun kuɗi a 2023 amma har yanzu an kasa mutane rukuni-rukuni, mafi ƙarancin samu su ake fara dubawa kuma su ke samun kaso mafi tsoka. A watan Fabrairu ake buɗe cike fom, ka gaya wa liman ya sanar bayan sallar Juma'a tun a Janairu, a samu matasa biyu masu kwamfuta su zauna su taya iyayen da ba su iya ba.