Makarantar da Kowane Yaro ke Tafiya da Saurinsa: To Dokokin na Mene ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana ɗan shekara 11 yana wata ƙaramar makarantar kuɗi da ke cewa kowane ɗalibi da nasa saurin yake karatu, ba a jan kowa, ba a kuma tsayar da kowa. Amma takardar dokokinsu ta fi ta tsohuwar makarantarsa tsauri: ba fashi, ba makara, akwai aikin da dole ya kammala duk mako, kuma sai ya ci kashi 80 cikin 100 kafin ya wuce babi. Yanzu wata biyu ke nan yana kan lissafin rabawa, abokinsa ya yi gaba da babi uku. Shin wannan ba tufka da warwara ba ne? Kuma in damu ne, ko in zuba ido?

Amsa: Malama, na gode da wannan tambaya. Dokokin ba su ci karo da tsarin ba, su ne ma ke riƙe da shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne wata biyun nan, kuma zan dawo kansa.

A aji irin wanda muka saba, lokaci ne ƙayyadadde. Malami ya ware mako biyu wa rabawa, mako biyu na cika a rufe babin, wanda ya gane da wanda bai gane ba duk a ɗunguma gaba. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, John Carroll, ya kawo wata fahimta a 1963: yawan abin da ɗalibi ya koya ya dogara ne da lokacin da ya ɓata a kan darasi idan aka auna shi da lokacin da yake buƙata. A kan wannan wani masanin ilimi ɗan Amurka, Benjamin Bloom, ya ɗora nasa bayanin a 1968, ya ce a juya lissafin: a kafe matakin ƙwarewa, a saki lokaci. Kashi 80 ɗin da kika gani daga wannan tunani ya fito. Yaro yana da 'yancin ɗaukar kwana biyar ko kwana ashirin, amma ba shi da 'yancin wucewa da rabin ilimi. Idan makaranta ta saki lokaci ta kuma saki ma'auni, to babu abin da ya rage da za a kira karatu.

Aikin mako kuwa, tarihi ne ya koya wa masu wannan tsari darajarsa. Wani malamin jami'a ɗan Amurka, Fred Keller, ya bayyana tsarinsa na karatu babi bayan babi a 1968, jami'o'i da yawa suka ɗauka a shekarun 1970. Matsalar da ta yi ta bayyana ita ce jan ƙafa: ɗalibi ya ce gobe, goben ta zama jibi, sai zango ya zo ƙarshe ya tarar da tulin babuka a gabansa. Shi ya sa malamai da dama suka koma sa wa'adi a tsakiya. Waɗannan fa 'yan jami'a ne masu hankalin kansu, ina ga ɗan shekara 11? Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, amma sai in ana ɗaga ƙafa.

Tun kafin Keller ma, wata malamar makaranta, Helen Parkhurst, ta gwada tsarinta a garin Dalton na jihar Massachusetts a Amurka wajajen 1920. Tana ba ɗalibi jingar wata guda a kowane darasi, shi zai tsara yadda zai cinye ta, amma ba ya karɓar jingar wata mai zuwa sai ya gama ta duk darussan. Dabara ce mai kyau, domin yaro in aka bar shi, darasin da yake so zai yi ta sha, wanda ke ba shi wuya ya tura shi ƙarƙashin benci. Ki duba ko makarantar ɗanki tana da irin wannan birki. Batun fashi da makara bai buƙatar dogon bayani: malamin da ke zagayawa tebur tebur ba zai taimaki kujerar da babu kowa a kanta ba.

Yanzu ga wata biyun. Yaro ya daɗe a babi ba laifi ba ne, abin tambaya shi ne me aka yi masa tsakanin faɗuwa ta farko da ta biyu. A tsarin Bloom, jarrabawar ƙarshen babi ta gano ciwo ce. Idan yaro ya faɗi, sai a duba inda ya karkace, a sake koya masa ta wata hanya dabam, sannan a ba shi wasu tambayoyi makamantan na farko. Makarantu da yawa suna ɗaukar rabin farko su bar na biyu: yaro ya faɗi, a miƙa masa littafin nan dai a ce je ka sake karantawa. Wannan ba koyarwa ba ce, kuma a nan ne nake da tsauri a kan masu irin waɗannan makarantu, domin kalmar "saurinsa" tana da daɗin fakewa ga malamin da ya gaji.

Ki gwada wani abu a gida yau. Ki ba shi 84 a raba 7, ki zauna kusa ki kalli hannunsa, kada ki ce uffan. Idan ya san matakan amma ya tsaya yana ƙirga bakwai bakwai da yatsu, to matsalarsa ba rabawa ba ce, haddar sau ce ba ta zauna ba, kuma ko wata shida zai yi a babin rabawa ba za ta gyaru ba sai an koma baya. Idan kuma ya rubuta 1 a sama, ya ɗebe 7 daga 8, sannan ya tsaya bai san cewa 4 zai sauko da ita ba, matakan ne suka rikice masa, kuma malami mai lura zai warware wannan a zama kaɗan. Ki tafi makaranta da takardar a hannunki.

In kin je, ki nemi a nuna miki takardun gwajinsa na baya, ba makin kaɗai ba. Ki tambayi sau nawa ake barin yaro ya faɗi kafin malami ya zauna da shi ido da ido, kuma ko akwai wannan a rubuce cikin dokokinsu. Dokar da ta ɗaure ɗalibi ta bar malami sakaka, rabin doka ce. Ki tambayi kuma minti nawa malami ke yi da shi a mako. Bloom ya ruwaito a 1984 cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai ya zarce kusan kashi 98 cikin 100 na 'yan aji na gama gari. Binciken da ya biyo baya bai samu tazara mai girma haka ba, amma koyarwar mutum da mutum tana nan cikin hanyoyin da suka fi tasiri. Ƙarancin ɗalibai shi ne jarin ƙaramar makaranta. Idan yaro yana yini gaban kwamfuta ko littafin aiki shi kaɗai, an ɓarnatar da jarin.

Abokinsa da ya yi gaba kada ya tsaya miki a rai, kuma ina roƙonki kada ki riƙa ambatonsa a gaban ɗanki. Abin da ya kamata ki sa wa ido shi ne ko suna haɗuwa a wani aiki. Carleton Washburne, wanda ya shugabanci makarantun Winnetka a jihar Illinois daga 1919, ya raba yini ne: wani ɓangare kowa da aikinsa, wani ɓangare na ayyukan haɗin gwiwa. Yaro yana buƙatar ya yi musu da tsaransa, ya bayyana amsarsa da baki, ya ji inda wani ya bi ya iso.

Abu na ƙarshe, ki nemi su faɗa miki a rubuce inda ɗanki yake idan aka auna shi da manhajar 'yan shekarunsa, da kuma irin takardar da za su ba shi in ya tashi canza makaranta. Jarrabawar kammalawa tana da ranarta, ba ta jiran saurin kowa. Idan aka yi zaman nan, aka canza hanyar koyar da shi, sannan mako uku ko huɗu suka wuce yana nan inda yake, ki nemi ganin shugaban makarantar, ki kuma sa a duba idonsa da jinsa.