Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon Keke a Hanyoyin Bakin Teku Masu Tuddai

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni da abokaina biyu muna shirin tafiyar kwana biyar a keke ta wata hanya da ta bi gaɓar teku, mun duba taswira mun ga babu wani tsauni a wajen, wuri mafi tsayi ma bai kai mita 200 ba, shi ne muka yanke za mu riƙa cin kilomita 100 kullum tunda a shimfiɗaɗɗiyar hanya mukan yi fiye da haka. Lissafin ya yi? Daga wani matashi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya lissafin nan bai yi ba, kuma tun yanzu nake tausaya wa cinyoyinku a rana ta biyu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne sun ɗauka tunda teku a shimfiɗe take to hanyar da ke gefenta ma haka take, alhali duk wani rafi da kogi da ke yankin teku yake nufa, kuma kowannensu ya haƙa kwarinsa kafin ya isa, sai hanya ta gangara har bakin ruwa ta haye gada ta sake hawa kan tudu, ka yi kilomita biyu ko uku ta sake gangarawa, haka za ka yini kamar kana tafiya a kan haƙoran zarto. Ka ɗauka kowane hawa mita 40 ne kacal, in ka yi irinsa sau talatin a yini ka hau mita 1,200 kenan ba tare da ka taɓa yin nisa da teku ba.

Kuma irin wannan hawan ya fi na tsauni cin rai. A tsauni kana samun giyar keke ɗaya ka zauna a kanta awa guda numfashi ya daidaita, amma nan kafin jikinka ya saba hawan ya ƙare, gangarar kuma gajeriya ce da kwana a ƙarshenta, dole ka kama birki, saurin da ka tara ya tafi a banza, ka fara sabon hawa daga sifiri. Tsofaffin hanyoyin ƙauyukan masunta ma ba a yi musu lanƙwasa don rage tsayi ba, miƙewa kawai suke yi, shi ya sa a yankunan Devon da Cornwall na Ingila ake cin karo da hawa mai kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wato a kowace mita 100 ta tafiya ka ɗaga sama mita 15 zuwa 20. Masu ratsa Birtaniya a keke daga Land's End da ke ƙarshen Cornwall zuwa John o' Groats a arewacin Sikotlan da yawansu kan ce kwanakin farkon nan na Cornwall da Devon sun fi na tsaunukan Sikotlan wuya.

To shawarata, ku sa hanyar a manhaja irin Komoot ko Ride with GPS, kada ku tsaya kan nisa, ku duba jimillar hawan kowace rana. Da kaya a keke, kilomita 50 zuwa 70 ta ishe ku, in hawan ya doshi mita 1,000 ku tsaya a hamsin ɗin. Rana ta uku kuma ku gajarta ta da gangan, a nan ne gajiya ke fitowa har abokai su fara jin haushin juna kan abin da bai kai ya kawo ba.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne akwai bambanci tsakanin farawa daga arewa ko daga kudu? Ni gani nake hanya ɗaya ce ai. Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Akwai fa ƙanwata, babba ma kuwa, kuma iska ce dalili. A bakin teku ba abin da ke tare ta, kuma jakunkunan da ke rataye gefen keke kama ta suke yi. Tudu ko yaya yake yana da ƙarshe, iskar gaba kuwa sai ta yini tana tura ki baya. Hanyar gaɓar Pasifik da ta taso daga Vancouver a Kanada har iyakar Amurka da Meziko, kusan kilomita 3,000, yawancin masu binta daga arewa suke farawa su yi kudu, saboda a lokacin zafi iskar daga arewa maso yamma take busowa, ga kuma ƙarin riba, tunda a Amurka hannun dama ake bi sai ya zama kina gefen teku ba motoci tsakaninki da abin kallo. A Ayilan lissafin juyewa yake, hanyarsu ta Wild Atlantic Way da aka buɗe a 2014, wajen kilomita 2,500 daga Kinsale zuwa can Donegal, iskar ta fi zuwa daga kudu maso yamma kuma hagu suke bi, don haka wanda ya fara daga kudu ya yi arewa shi ya more.

Sannan akwai iskar kullum. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, mai sanyi ta teku ta kwararo ta maye gurbin, shi ya sa daga azahar zuwa la'asar take ƙarfi. Ki fita da sassafe ki ci rabin tafiya kafin ta farka. Kada ki raina ta, a 2017 gasar keken birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sukutum aka soke, iska na cikin manyan dalilai, an ga mutane riƙe da kekunansu tana neman ƙwacewa.

TAMBAYA: Ina da keke mai giya amma in na zo hawa da kaya sai na sauka na tura. Sabon keke zan saya ko ƙarfi ne ba ni da shi?

AMSA: Mai yiwuwa ba ko ɗaya, giyar ce ta yi maka nauyi. Ka tsuguna ka ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba, na wajen feda, da na babban faifan baya. In na gaban ya fi na bayan yawa, misali 34 gaba 28 baya, to wannan ta masu tsere ce marasa kaya. Kai abin da kake so na gaba ya gaza na baya, kamar 24 ko 26 a gaba da 34 ko 36 a baya, yadda feda za ta zagaya sau ɗaya taya ba ta cika zagaye ɗaya ba, kana tafiya a hankali kamar mai ƙafa amma gwiwarka lafiya lau. Mai gyaran keke zai iya canza maka faifan baya, wani lokaci da sarƙa da abin sauya giyar, ya fi sabon keke sauƙi nesa ba kusa ba. Ka riƙa sauya giya tun kafin hawan ya kama ka, in ka bari sai kana danna feda da ƙarfi sarƙa na iya tsallakewa ko ta tsinke. Tura keke kuma ba abin kunya ba ne, a hawan Bealach na Bà na Sikotlan da ya tashi daga bakin ruwa zuwa mita 626 cikin kimanin kilomita 9, ƙwararru ma sukan sauka.

Ka kuma zazzage jakarka ka rage, rabin abin da mutane ke ɗauka ba sa taɓa shi har su dawo. Wanda ba a bari shi ne ƙarin tub, faci, famfo, ƙaramin maɓallin gyara, robar birki, rigar ruwa da fitila.

Tunda an zo maganar birki, a doguwar gangara kada ka riƙe shi ka ƙi saki, in mai kama rim ne rim ɗin zai yi zafi har tub ya iya fashewa, in mai faifai ne kamunsa zai ragu. Ka matsa sosai ka saki, ka matsa ka saki, kuma ka rage gudu kafin kwana ba cikinta ba, don yashi da iska ta kwaso yakan taru daidai wurin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, shekaruna sun haura 60, ina son irin wannan tafiya da maiɗakina amma ba ma son wahala. Ina ya dace mu fara?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya. In da hali, hanyar Shimanami Kaido ta Japan, kilomita 70 ce daga Onomichi zuwa Imabari, ta ratsa tsibirai shida a kan gadoji, an yi wa kekuna hawa na musamman mai laushi zuwa kan gadojin, an ja shuɗin layi a gefen titi ba za ku ɓata ba, ana ba da hayar keke a wannan gefe ku ajiye a wancan, ku raba ta kwana biyu. Akwai kuma La Vélodyssée ta Faransa daga Roscoff zuwa Hendaye a iyakar Sifen, sama da kilomita 1,200, mafi yawanta shimfiɗe kuma nesa da motoci, sai ku yanki ɓangaren da kuke iyawa. Hanyar Chapman's Peak ta kusa da Cape Town kyau kam ba a magana, kilomita 9 da lanƙwasa 114 a jikin dutse, amma ƙunci gare ta ga motoci, ba zan tura ku can a karon farko ba. Keke mai batir ma mafita ce, sai dai hawa na shanye caji da wuri fiye da abin da aka rubuta a takarda. Ku fara ganin likita kafin ku sa rana.

TAMBAYA: Bayan na dawo daga bakin teku sarƙata ta yi ja tana ƙara, me ya jawo?

AMSA: Gishiri ne, iskar teku na ɗauke da shi ko ba ka taɓa ruwan ba, ga yashi da ke manne wa mai yana cin haƙora. Ka wanke keken da ruwan daɗi, ka goge sarƙar da tsumma ta bushe, ka ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa sannan ka share na saman. A kan hanya ma duk bayan kwana biyu ka yi haka, ka duba wayoyin birki da notuna don su ma tsatsa ba ta barinsu.

Akwai kuma wanda ya tambaya kan bin hanyar Big Sur da ke gaɓar tekun Kalifoniya ta Amurka, to ka duba ko hanyar a buɗe take daf da tafiyarka, zaftarewar ƙasa na yawan rufe ta, ta Mud Creek a 2017 ta rufe wajen fiye da shekara guda, kuma zagayen da ake yi ta cikin ƙasa dogo ne. Hazo ma na sauka da safe, ka kunna jar fitilar baya ko da rana ne.